Ga Kuɗi a Hannu, Ya Ce Ba Zai Sayar Mini Ba

Jama'a, tun zuwana Italiya ban taɓa ganin mai sana'a ya hana kansa ciniki ba sai a Kiremona.

Yarinyata ce ta shiga ajin kiɗa a makarantarsu a nan Biresha, aka ɗora ta a kan bayolin, gogen Turawa. Malamarta ta ce tana da kunne, a daina wahalar da ita da na kamfanin da muka saya a intanet. Kiremona kusa ce, kamar awa ɗaya a jirgin ƙasa. Garin Antonio Stradivari ne, shahararren mai sassaƙa goge wanda ya rasu a 1737, kuma a 2011 aka sayar da gogensa guda a kan fam miliyan 9.8. Har yau shagunan masu sassaƙa goge a garin sun haura 100.

Kada ku ɗauka komai daɗi ne. Ba a faɗawa shago haka kawai, sai ka yi waya an ba ka rana. Da azahar a rufe, a tafi cin taliya. A watan Agusta kuwa ko sallama babu mai amsawa. Da muka samu shiga wurin wani dattijo, ya nuna mana guda, ya ce yuro 12,000, ban da bakan da ake goga shi. Babu tayi, babu "albarka", babu "nawa ka rage". In kuma sabo kake so a sassaƙa maka, ka bi layi, sai baɗi.

Na riga na ƙudurta zan shiga bashi. Sai dattijon ya miƙar da hannun yarinyar, ya gwada, ya girgiza kai. Ya ce cikakken goge ya yi mata girma, zai ɓata mata kafaɗa, in na saya yau na zubar da kuɗina. Ya ɗauko ƙarami, wanda suke kira uku bisa huɗu, ya ce mu yi haya, in ta ƙara tsawo mu dawo. Mu tafi da shi gida malamarta ta saurara tukuna, ko sisi bai karɓa ba, katin zamana kawai ya ɗauki hotonsa. Ni baƙo, baƙar fata, bai san unguwarmu ba! Sannan ya rubuta mini adireshin wani mai yin baka, ya ce wancan ya fi shi hannu. Wallahi sai da na rasa ta cewa. A gida wane tela ne zai ce maka shaddar nan ba ta dace da kai ba, je wurin maƙwabcina? Ya karɓi kafin alƙalami, ka dawo ranar jajibere ka tarar ko yankawa bai yi ba.

Bakan ma duniya ce guda. Icen daga Barazil yake zuwa, fernambuko, kuma tun 2007 an sa wa cinikinsa takunkumi saboda yana ƙarewa. Gashin kuwa izgar doki ce, galibi daga Mongoliya, ana goga mata ƙaro. Ina jin ƙanshin ƙaron nan sai zuciyata ta koma gida, ga mai goge a bakin kasuwa da ƙoƙonsa da fatar guza. Izgar ɗaya ce. Amma su kowane goge akwai takarda manne a cikinsa, da sunan maƙerinsa da shekara, kuma a 2012 UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa sana'ar gogen Kiremona cikin al'adun gado na duniya. Mu fa, wa ya san sunan wanda ya haɗa gogen da ya taɓa sa shi hawaye? Da na ba yayana labari a waya, cewa ya yi, "Goge? 'Yar bori za ka mayar mana da ita?"

Dattijon, da na nuna masa namu a waya, ya roƙe ni in samo masa guda ya rataye a shago. Na tura kuɗi Kano tun kafin azumi. Kullum gobe. Yanzu kuma an ce mini ko an gama, fatar guza ba ta wuce kwastan ɗin Turai sai da takardar izini.