DAF 95 ta roba da na saya a Legas: motar ta yi, mai sayarwa ne bai yi ba

Ba zan kira sunan mutumin ba. Mu masu haɗa ƙananan motocin roba a Legas ba mu da yawa, masu kawo mana kayan kuma ba su cika yatsun hannu ba, don haka wanda ya sani ya sani. Abin da na saya a wurinsa kan tirela ne, DAF 95 na kamfanin Italeri, ma'aunin 1:24, wato an rage girman ta gasken sau ashirin da huɗu, kuma a tallarsa ya rubuta ɓaro-ɓaro cewa sabo ne dal, ba a taɓa buɗe kwalin ba. A kan wannan magana na tura masa kuɗi, kuɗin da ku ma kun san ba na wasa ba ne yadda canji ya koma.

Na daɗe ina farautar wannan mota. Duk wanda ya taɓa tsayawa Mile 12 da sassafe ya ga ana sauke albasa da tumatir, ko ya bi ta Ijora ya ga layin da ke jiran shiga Apapa, ya san matsayin DAF a wurin mutanenmu. A 1987 aka fito da samfurin 95 daga Eindhoven ta ƙasar Holan, shekara ta zagayo ta ci kyautar babbar motar shekara a Turai, ga shi har yau tsofaffinta da Turawa suka gama mora suna nan suna jigila tsakanin Kano da Ikko. Ita nake so a kan kantata, ba wata motar tsere da ban taɓa gani da idona ba.

Tun da ɗan aike mai babur ya miƙo mini kwalin jikina ya ba ni. Kusurwoyinsa sun yi laushi, ledar da aka naɗe shi da ita kuma ba ta kamfani ba ce, salatif ne aka bi aka liƙe da hannu. Ina ɗaga murfin warin funfuna ya buge ni. Takardar sitikun ruwa, wadda ke ɗauke da tambarin DAF da ratsin jikin mota da agogunan gaban direba, ta manne da takardar bayani, farin cikinta ya koma ruwan ɗorawa. Da ƙyar na raba su, kuma ko da suka rabu, rubutun bayanin ya riga ya hau kan ratsin.

Duk da haka ban yanke ƙauna ba. Sitikar da ta yi rawaya kawai ana iya manna ta a jikin gilashin taga, rana ta wanke ta a hankali. Sai na yanko ƙaramar lamba ɗaya na gwada. Mai lafiya, idan ka tsoma ta a ruwa mai ɗan ɗumi, kafin minti guda za ta saki takardarta, ka zame ta da ɗan buroshi zuwa inda kake so. Wannan kuwa ina taɓa ta ta watse a cikin kofin kamar garin kwaki. Na sake yanko wata, na shafa mata fenti mai ruwan gilashi a sama don ya riƙe ta, wanda dabara ce da ke ceto tsofaffin sitiku. Ta fito a haɗe, amma gam ɗin bayanta ya mutu murus, ta ƙi kama komai. Laima ta riga ta cinye takardar tun tana ajiye a inda take.

Na ɗauki hoto na tura masa. Amsarsa ta farko: "Alhaji, haka damina take a Legas, ba ni na yi ruwan ba." Na ce to, ai da ka faɗa mini kaya ya kwana a laima, in saya da sanina ko in haƙura. Sai ya juya, wai ruwan zafi na sa. Da na nuna masa salatif ɗin, sai ya ce in turo bidiyon lokacin da nake buɗewa. Wa yake kafa kyamara don zai buɗe kwalin da aka rantse masa sabo ne? Ban nemi ya mayar mini da kuɗina ba fa, abin da na roƙa kawai ya samo mini wata takardar sitikar, ko ya rage mini wani abu. Daga nan saƙona yana shiga, ana karantawa, shiru kake ji.

To amma gaskiya ɗaya ce, ita kanta motar ban da abin cewa a kanta. Da na huce na zauna, aikin ya yi mini daɗi fiye da yadda na zata. Cesis ɗin dogayen sanduna biyu ne da ake haɗa su da gajerun ƙarafan tsakiya, kamar dai yadda yake a ta gaske, kuma nan ne ake cin jarrabawa ko a faɗi: idan bai zauna a miƙe ba, wata taya sai ta rataye a sama. A kan gilashin tebur na jera shi, na danne shi har ya bushe. Injin da giyarsa, sufirin, tankin mai, salansa, duk suna nan dalla-dalla, har wani abokina bakanike ya riƙa nuna mini su da ɗan yatsa yana kiran sunayensu. Sitiyarin a hagu yake, daidai da namu tun da ƙasar nan ta koma tuƙi a hannun dama a 1972. Da aka gama, tsawon kan motar ya kai kimanin taƙi guda, yana da cika ido.

Gam kuwa, na kamfanin Tamiya mai koren murfi na yi amfani da shi, wanda yake tsinkakke kamar ruwa. Za ka haɗa ɓangarorin biyu tukuna, ka ɗan taɓa bakin da buroshinsa, shi da kansa zai bi tsagar ya narkar da robar ta zama abu ɗaya. Wanda bai gwada ba ya gwada. Sai dai kada ya kusanci gilashin motar, haka ma sufa gulu, tururinsa fari fat yake mayar da shi. Farin gam na kafintoci shi ne maganin gilashi, yana bushewa ba a ganin sa. Duk inda aka yi wa ado da kurom, wato shafen nan mai ƙyalli kamar azurfa, kuma sai an kankare shi da reza kafin gam ya kama.

Fenti ne ya wahalar da ni, wannan kuma na yarda laifin garin ne. A watan Yuni iskar Legas ruwa ce zalla, kana fesawa sheƙin ya dushe ya yi hazo-hazo. Sai ranar da rana ta buɗe sosai nake fita da shi, wajen azahar, in fara da fentin ƙasa mai toka-toka, sannan in bi da launi sama-sama, ba a zuba da yawa lokaci guda. Fentin gwangwani na kasuwa yana da ƙarfi, in babu na ƙasan sai ya ƙona fuskar robar.

Da na rasa sitika, sai na naɗe kan motar a tsumma na kai wa wani dattijo a Agege da ke rubutu da zane a jikin manyan motoci. Ya juya ta a tafin hannunsa, ya yi dariya har da tari, ya ce, "Alhaji, shekara da shekaru ina hawa tsani in yi wa DAF rubutu, yau kuma ka kawo mini jikarta." Na ce, "Baba, in ba za ta yiwu ba kada ka takura kanka." Bai ko amsa ba. Ya zaro buroshi ya rage gashinsa da almakashi har ya saura 'yan silalla, ya dafe hannun dama da na hagu, ya riƙe numfashi. Ya ja ratsin kore da ja a gefe, ya sa 'yar mikiya a ƙofa, a saman gilashin gaba kuma ya rubuta "Allah Ya kiyaye hanya" da haruffan da sai ka matso kake karanta su. Abin da ya karɓa bai taka kara ya karya ba. Wallahi ranar har na ji na yafe wa mai sayarwa, don motar ta tashi daga ta Turai ta koma irin wadda ake lodi a Dawanau.

Yafiyar ba ta yi nisa ba. Madubai su ne abin ƙarshe da ake sakawa saboda saurin karyewa, shi ya sa ban bi ta kansu ba sai da komai ya kammala. Na ɗauko reshen robar da suke jiki, na hagu yana nan, na dama babu. Na zazzage kwalin, na duba leda, na share ƙasan tebur. Sai na kalli gurbin da kyau a ƙarƙashin fitila. Abin da ya karye a hanya bakinsa kaca-kaca yake yi, ya yi fari. Wannan yanka ne sumul, na wanda ya san aikin, da abin yanka mai kaifi. Wato wani ya buɗe kwalin, ya cire madubin da ya ɓace masa a tasa motar, ya mayar da murfi, aka liƙe da salatif aka sayar mini a kuɗin sabo. Laima a ce ƙaddara ce. Wannan fa? Na tura masa hoton gurbin, shi ma an karanta.

Saboda haka motar ina ba ta cikakken maki, in na samu wata daga hannun kirki zan ƙara saya. Shi kuwa ko kwalbar gam ba zan sake karɓa daga wurinsa ba. Wanda ya ga dole sai ya saya, ya tsayar da ɗan aike a bakin ƙofa, ya buɗe a gabansa, ya shinshina kwalin, ya ɗaga takardar sitika ya duba, ya bi hoton rassan da ke shafin farko na takardar bayani ɗaya bayan ɗaya kafin ya tura ko sisi.

Yanzu dai wayar jan ƙarfe na lanƙwasa, na manna mata ɗan guntun takardar azurfa ta bayan ƙwayar magani a matsayin madubi. Daga nesa ba a ganewa, daga kusa ya fi ɗan'uwansa girma. Duk wanda yake da ragowar madubin dama na babbar mota mai ma'aunin 1:24, ko da na wani samfurin ne, ya yi mini magana, zan biya.