Ziyararmu Gidan Highclere a Ingila: Abin da Kuɗin Baƙo Yake Saya

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali baki ɗaya, na rubuto ne domin in ci gaba da ba ka labarin kaya da hidima a ƙasar nan kamar yadda ka nema. A hutun makaranta mun kai yara gidan Highclere, wani katafaren gidan sarauta da ke yankin Hampshire, kimanin kilomita 8 kudu da garin Newbury, inda aka ɗauki shirin talabijin na Downton Abbey wanda tashar ITV ta fara nunawa a 2010.

Gidan yana hannun zuriyar masu sarautar Carnarvon, kuma tun 1679 filin yake a gidansu. Ginin da ake gani yanzu aikin Charles Barry ne, wanda ya zana ginin majalisar dokokin Birtaniya a Landan, kuma an fara shi a 1842. Filin da ke kewaye da shi ya kai eka 5,000. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, duk da wannan girma, gidan ya taɓa shiga mawuyacin hali: a 2009 jaridu sun ruwaito cewa ɗakuna fiye da 50 ba su zaunuwa saboda yoyo da lalacewa, kuma gyaran zai ci kusan fam miliyan 12. Shirin talabijin ɗin ne ya jawo baƙi daga Amurka da sauran ƙasashe, kuɗin baƙin kuma ya taimaka aka shiga gyara. Wato tsohon gida ne aka mai da shi mai ciyar da kansa, masu shi kuma suna nan suna amfani da shi.

Hidimar tana farawa tun kafin mutum ya bar gida. Ba kullum ake buɗe wurin ba, sai a wasu ranaku na shekara, saboda haka a intanet ake sayen tikiti tun da wuri, a zaɓi shigar safe ko ta rana. Wannan tsari ya sa ba a cunkushe ƙofa, kuma babu wanda zai ce maka ya san wani a ciki don ya riga ka shiga. Kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne, domin idan magidanci ya haɗa tikitin kansa da na uwargida da na yara, ya ƙara da kuɗin mai, ya mai da jimillar naira, sai ya yi shiru na ɗan lokaci. A ganina an karɓi kuɗi da yawa, amma an ba da abin da aka yi alkawari, kuma a kan lokacin da aka faɗa.

A cikin gidan an hana ɗaukar hoto, kuma a ɗakunan akwai ma'aikata da ke tsaye domin amsa tambaya. Ɗiyata ta tambayi wata dattijuwa daga cikinsu ina kicin ɗin da ake nunawa a shirin, sai matar ta sunkuyo daidai tsawon yarinyar ta bayyana mata cewa ɓangaren barori ba a nan aka ɗauke shi ba, an gina shi ne a ɗakin shirya fina-finai na Ealing da ke Landan, ƙauyen da ake gani kuma Bampton ne a yankin Oxfordshire. Ta faɗi gaskiya ko da yake gaskiyar ta ɗan rage wa yarinyar murna, kuma ba ta jira tukuici ba. Irin wannan bayani shi ne ainihin hajar da suke sayarwa, domin ba don shi ba, baƙo zai ga kujeru da hotuna ne kawai ya wuce.

Na daɗe a babban zauren tsakiyar gidan, wanda bangonsa yake lulluɓe da fata mai zane da ruwan zinariya, aikin birnin Kurɗuba na Andalus tun ƙarni na 17. Da na matsa kusa na ga yadda aka danna zanen a jikin fatar, sai dukawan Kano suka faɗo mini a rai, domin hannunsu bai gaza wannan ba. Bambancin shi ne an kiyaye wannan daga danshi da taɓawar hannu har ta kai shekaru ɗari uku da ɗoriya. Akwai kuma ɗakin karatu mai littattafai fiye da 5,000.

Yaran sun fi son ƙarƙashin gidan, inda aka baje tarihin Masar. Mai sarautar Carnarvon na biyar shi ne ya ɗauki nauyin aikin Howard Carter, wanda ya gano kabarin Fir'auna Tutankhamun a Nuwamban 1922, shi kuma mai sarautar ya rasu a Alƙahira a Afrilun 1923. Wasu kayan da ke wurin na asali ne, wasu kuma kwaikwayo ne, domin dukiyar kabarin kanta tana Masar.

Wajen abinci ne gida Najeriya ya yi musu fintinkau. Abin da ake sayarwa a irin waɗannan wurare a Ingila yawanci shayi ne da burodi da kek, masu tsabta da kyan gani, amma kuɗin shayi da kek na mutum ɗaya zai ciyar da mutane da yawa da masa da miyar taushe a wajenmu, su ƙoshi. Musulmi kuma dole ya tambayi abin da aka sa a cikin abinci kafin ya saya, shi ya sa uwargida ta yi mana dambun nama da cincin tun daga gida. A shagon tsaraba ana sayar da kofuna da littattafai da tawul masu hoton gidan, kuma mutane suna saye ba ciniki, alhali ingancinsu bai kai na jakar fata ko hular zanna da za ka samu a Kasuwar Kurmi ba. Sunan gidan ake biya, ba kayan ba.

Wannan ne ya sa nake ta tunanin Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da hasumiyar Gobarau a Katsina, da masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina. Wasu daga cikinsu sun girmi ginin Highclere nesa ba kusa ba, kuma muna da masu shirya fina-finai da jama'a ke kallo har Nijar da Gana da Sudan. Ina da yaƙinin cewa shiri mai kyau a kan tarihin masarautunmu, wanda aka ɗauka a muhallinsa na gaskiya, zai sa iyalai su biya kuɗi su je su gani da idonsu, muddin aka tanadi tikiti mai tsayayyen farashi, da makewayi mai tsabta, da mai bayani da ya san aikinsa.

Don Allah idan ka samu sarari ka kai yara Gidan Makama, ka rubuto mini nawa ake biya a ƙofa yanzu da irin bayanin da ake yi wa baƙi, domin in kwatanta da abin da na gani a nan. A gaishe da Hajiya da sauran mutanen gida.