Bututun JG Speedfit: ya dace da mai son sauya fayif ɗin ɗumama filat da hannunsa?

Sau da yawa in an ɗaga katakon daɓen tsohon filat a Ingila, abin da ake tararwa shi ne siririn bututun jan ƙarfe mai milimita 8 ko 10, ya toshe da baƙar laka, lagireto (ƙarfen da ruwan zafi ke bi ta cikinsa ya ɗumama ɗaki) ɗaya na ƙuna ɗaya kuma sanyi ƙalau. Tunda daɓe a buɗe yake, lokacin sauyawa ke nan. Wanda bai iya liƙi da dalma ba, kayan da masu shago za su fara nuna masa su ne na JG Speedfit, na kamfanin John Guest. Kaya ne masu kyau, kuma mai natsuwa zai iya aikin da su. Sai dai sauƙinsu na ruɗin mutane.

Bututun roba ne fari, ana samunsa a milimita 10, 15, 22 da 28, a naɗe ko a miƙe. A tabbatar an sayi mai shinge a cikin jikinsa, wanda ke hana iskar oksijin ratsawa ta shiga ruwa, domin ita ke haddasa tsatsa a cikin lagireto. Mahaɗinsa, gwiwa ne ko mai baki uku, yana da haƙoran ƙarfe da ke cafke bututu da zoben roba da ke tare ruwa. Ka tura, ka murɗa hular ta kulle. Ba wuta, ba dalma, ba fargabar gobara a ƙarƙashin busasshen katako. Kamfanin ya ce yana ɗaukar matsin bar 3 (bar ma'aunin matsin ruwa ne) a zafin digiri 82, alhali tsarin ɗumama gida yana zama ne a bar 1 zuwa 1.5 in ruwa ya huce.

Inda ya fi jan ƙarfe nesa ba kusa ba shi ne a cikin azarar katakon da ke ɗauke da daɓe. Jan ƙarfe ba ya lanƙwasuwa da sauƙi, sai a sassaƙe saman azara a kwantar da shi, inda ƙusa ke iya samunsa. Roba kuwa zura ta ake yi ta huda kamar wayar lantarki. Hudar tana da ƙa'ida: a tsakiyar kaurin azara, faɗinta kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin, kuma a wurin da ke tsakanin 0.25 da 0.4 na tsawon azarar daga inda ta hau bango. Da naɗi guda za a iya tashi daga babban layi har gindin lagireto ba mahaɗi ko ɗaya a ɓoye, kuma haka ya kamata a tsara. Mahaɗan ma su ne masu tsada, ba bututun ba.

Yoyon Speedfit kusan kullum daga abu uku yake fitowa. Na farko yanka da zarto. Zarto yana barin baki karkatacce mai kaushi, kaushin nan ya yagi zoben roba wajen shiga. Almakashin yanka bututun roba ake amfani da shi, a yanka daidai kan alamar da ke jikin bututun. Na biyu mantawa da ɗan guntun da ake cusawa a bakin bututu don ya riƙe zagayensa. In babu shi, zafi na tausasa robar, bakin ya lotse, ruwa ya samu hanya bayan watanni, an riga an shimfiɗa kafet. Iri biyu ne: Superseal mai ƙarin zoben roba na shiga mahaɗin Speedfit ne, mara zobe kuma shi ake sa wa in za a ɗaure bututun da noti a jikin bawul. Na uku shi ne turawa rabi. Bututu kan yi tsayawar farko da ya taɓa zoben roba, mutum ya ɗauka ya kai, alhali sai an ƙara ƙarfi ya wuce ya daki ƙarshe. Alama ta gaba a jikin bututun ita ce shaida: in ba ta zo bakin mahaɗi ba, bai shiga ba. Irin wannan mahaɗin yakan riƙe ruwa kwana da kwanaki, sannan wata rana ya fizge gaba ɗaya.

Akwai wuraren da bai kamata a sa shi ba. Mita ɗaya na farko daga jikin boila, wato tukunyar da ke ɗumama ruwan, jan ƙarfe ake sa wa. Haƙoran ba sa kama bututu mai rufin kurom, santsi yake musu. Ba a yin gas da shi ko kusa. Maganar gas ma a bar ta: cire boila, buɗe ta ko taɓa layinta aikin mai rajistar Gas Safe ne, wato rajistar hukuma ta masu aikin gas, wadda ta maye gurbin tsohuwar rajistar CORGI a 2009. Naka aikin ya tsaya a ɓangaren ruwa.

Ga kuma abin da ba na so game da shi. Mahaɗan ƙatti ne, ba su da kyan gani, kuma roba na miƙewa kusan kashi 1 cikin 100 in ta ɗau zafi, wato layin mita 5 zai ƙaru da kusan santimita 5. In a fili yake sai ka ga ya yi ciki. Shi ya sa ake kafa maƙalai duk santimita 30 a kwance ga mai 15, santimita 50 ga mai 22, a kuma bar masa wurin motsi a kusurwa don kada ya riƙa ƙara da dare. Guntun da ke fitowa daga daɓe zuwa bawul ɗin lagireto a yi shi da jan ƙarfe, mahaɗin Speedfit na karɓarsa in an goge bakinsa sumul. Ya fi tsayuwa, kuma injin shara ba ya girgiza shi. Ɓera ma yana gaigayar roba, a toshe ramuka kafin a rufe.

A lura da faɗin ciki. Mai 15 na jan ƙarfe cikinsa milimita 13.6 ne, na roba bai kai 12 ba, guntun baki kuma ya ƙara matse shi. Saboda haka babban layin da ke kai ruwa daga boila da na dawo da shi a yi su da 22, a reshe da 15 zuwa lagireto ɗaya ko biyu. Wannan ya ƙara muhimmanci tun 2022, da dokar gini ta Ingila ta ce tsarin da aka sauya ɗungurungum a tsara shi ya iya ɗumama gida da ruwan da bai wuce digiri 55 ba.

Kafin a mayar da katako ko ɗaya, gwaji. A ware boila, a toshe bakunan bututu, a hayo famfon gwaji na hannu: bar 2 na minti 10, sannan bar 10 na minti 10, ido a kan allurar ma'auni. A bi kowane mahaɗi da busasshen tishu, ɗigon da ido bai gani ba zai nuna. Daga nan a wanke tsarin da maganin wanki, a zubar, a cika, a zuba maganin hana tsatsa irin Sentinel X100 ko Fernox F1 (lita ɗaya ta X100 tana isar ruwa lita 100), a fitar da iska daga kowane lagireto, a daidaita bawul ɗin dawowa don na nesa ma ya samu rabonsa.

Tunda filat ne, a fara karanta takardar mallaka. Irin waɗannan takardu da yawa na neman izinin mai ginin a rubuce kafin a taɓa bututu, kuma in ɗumamar ta haɗin gwiwa ce daga boila ɗaya ta ginin, ba ka da ikon zubar da ruwanta. In daɓen kankare ne, bututu sai a cikin wani bututun kariya yadda za a iya zaro shi, mahaɗi kuma a cikin akwati mai murfi, domin ruwan da ya ɓalle a nan silin ɗin maƙwabcin ƙasa yake sauka.