Killer Psyche ko Bad People, wanne zai fi nuna miki abin da ke cikin kan mai laifi

Ƙanwata da kika yi tambaya jiya, kin ce ke ba labarin jini da gawa ne ya dame ki ba, so kike ki gane mene ne yake sa ɗan Adam ya tashi ya kashe ɗan'uwansa, kuma an ba ki sunan fodkas guda biyu, wato shirye-shiryen sauti da ake saurare ta intanet, Killer Psyche da Bad People, kin rasa da wanne za ki fara. Toh na saurari duka biyun ba kaɗan ba, bari in faɗa miki yadda na same su, amma ki yi haƙuri zan ɗan ja zancen. Duka da Turanci ake yin su, wannan ki sani tun yanzu.

Killer Psyche dai mace ɗaya ce take yin sa, Candice DeLong, ya fara fitowa a 2021. Matar nan ba ƴar koyo ba ce, nas ce a sashen masu taɓin hankali a Chicago kafin ta shiga FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, a 1980, ta yi shekara 20 a can, da ita aka yi binciken gubar da aka zuba a maganin Tylenol a 1982 wadda ta kashe mutum 7, kuma tana cikin waɗanda suka je Montana kamo Ted Kaczynski a 1996, mutumin nan da ya shafe shekaru yana aika bam ta gidan waya. Tsarin shirin nata shine ta ɗauki mai laifi ɗaya, ta bi shi tun daga yarinta, waye ubansa, ya uwarsa ta riƙe shi, yaushe ya fara nuna alamu, har ta kawo ki ranar da ya aikata abin, tana yi tana gaya miki ga sunan wannan halin a wajen likitoci. Ita kaɗai take magana, babu hayaniya babu dariya, muryar wadda ta ga abin da idonta. In kika fara wallahi da wuya ki ajiye, ni akwai lokacin da na jera kashi huɗu a dare ɗaya kuma ban yi barcin kirki ba ranar.

Bad People kuma na BBC ne, ya fara a 2020, Dakta Julia Shaw ce ginshiƙinsa, masaniyar halayyar masu laifi a University College London, kuma da wata mai barkwanci ƴar Denmark, Sofie Hagen, suka faro shi. Su ba mutum suke bi ba, tambaya suke bi. Za su kawo shari'a ɗaya ta gaske su ba da labarinta a taƙaice, sai su tsaya su ce toh me bincike ya gano game da irin wannan, me yasa mutum yake amsa laifin da bai yi ba, me yasa jama'a suke tsayawa kallo ana cutar wani, ya ake yi mutumin kirki ya bi umarnin mugu. Hira ce tsakanin mutum biyu, ɗaya tana kawo ilimin ɗaya tana tambaya irin wadda ni da ke za mu yi.

Na farkon yana ce miki zo ki ga wannan mutumin yadda ya bambanta da mu, na biyun kuma yana ce miki zo ki ga yadda bai bambanta da mu sosai ba. Tunda ke kin ce fahimta kike nema, ni a wajena na biyun ya fi kusa da abin da kike so, kuma ga dalilina.

Abin da Candice take yi reshe ne na aikin da ake kira furofailin, wato a duba yadda aka aikata laifi a zana siffar wanda ya yi shi, shekarunsa, aikinsa, ko yana da aure. A Quantico, inda makarantar horon FBI take, abin ya kafu, FBI ta buɗe sashen nazarin halayya a 1972, daga baya John Douglas da Robert Ressler suka dinga shiga gidajen yari suna hira da masu kisa, Ann Burgess tana taya su nazarin, mutum 36 suka tattara, daga nan suka raba su gida biyu, mai tsari wanda yake shirya komai ya goge sawunsa, da marar tsari wanda yake afkawa kawai ya bar komai a watse. Kin ji abin ya zauna daidai a kunne ko? Matsalar ita ce mutum 36 sun yi kaɗan, kuma waɗanda suka yarda su yi magana ne kawai, kuma mutane ne da ƙarya ba ta yi musu wahala. A 2004 David Canter da abokan aikinsa a Ingila suka ɗauki kisa 100 na masu kisan jere a Amurka suka gwada rabon nan, suka ga bai tsaya ba, kusan kowanne yana da alamun tsari kuma yana da na rashin tsari a haɗe.

Kuma ki duba yadda aka kama manyan da ake yawan ba da labarinsu. Shi kansa Kaczynski ƙaninsa David ne ya gane salon rubutunsa bayan jaridar Washington Post ta buga doguwar takardarsa a 1995, ya kai rahoto. Dennis Rader da ya kashe mutum 10 a Kansas faifan kwamfuta ne ya tona shi a 2005, ya aika da shi da kansa aka bi bayanan da ke ciki har cocin da yake shugabantar kwamitinta. Joseph DeAngelo na California sai 2018 aka same shi ta hanyar gwajin ƙwayar halitta ta danginsa. A harbe-harben yankin Washington na Oktoban 2002 kuwa masana sun cika talabijin suna cewa maharbin farar fata ne shi kaɗai, ana ta neman farar mota, ashe mutum biyu ne baƙaƙe, John Allen Muhammad da yaro ɗan shekara 17 Lee Boyd Malvo, a cikin shuɗiyar mota. Ba wai ina cewa aikin banza ba ne fa, yana taimaka wa ɗan sanda ya san inda zai fara dubawa da yadda zai yi wa mutum tambaya, amma tabbacin da ake magana da shi a irin waɗannan shirye-shirye ya fi ƙarfin hujjar da ke ƙasa. Bayan an kama mutum an san ƙarshen labari, komai na yarintarsa sai ya zama alama. Yara nawa ne aka daka aka wulaƙanta aka yi watsi da su kuma suka girma ba su taɓa cutar da ko kiyashi ba? Su ba a yin fodkas a kansu, shi yasa lissafin yake fita a karkace.

Akwai kuma abin da yake ci mini rai, wato liƙa wa mutum sunan cuta daga nesa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka tun 1973 ta hana membobinta faɗin ciwon wani sananne da ba su duba shi da kansu ba, amma a duniyar fodkas kowa saikofat ne, wato mutum marar tausayi marar nadama. Alhali kalmar tana da ma'auni, Robert Hare ɗan Kanada ne ya tsara shi, abubuwa 20 ake dubawa kamar daɗin baki na yaudara da rashin nadama da rashin tausayi da saurin ƙosawa, kowanne a ba shi 0 ko 1 ko 2, jimla 40, a Amurka sai mutum ya kai 30 ake kiransa haka, kuma sai ƙwararre ya zauna da shi ya kuma karanta fayil ɗinsa. A cikin jama'a kusan kashi 1 cikin 100 ake ƙiyastawa, yawancin waɗanda suke gidan yari ma ba su kai makin ba. Sannan saikofat daban mai taɓin hankali daban, mafi yawan masu ciwon ƙwaƙwalwa ba sa cutar kowa, su ake ma cuta. Candice ta san wannan sarai tunda aikinta ne, tana kuma bambancewa, amma in kika sha labarin dodanni sati bayan sati abin da zai zauna miki a rai shine kisa aikin wasu halittu ne na daban.

A nan Bad People ya fi. Julia Shaw ba ta ma yarda a dinga kiran mutum mugu kawai a shafa fatiha ba, dan a ganinta kalmar tana rufe ƙofar tambaya. Fanninta na asali shine tunawar ƙarya, wato mutum ya tuna abin da bai faru ba. A 2015 ita da Stephen Porter suka buga wani bincike, suka zauna da ɗalibai sau uku suna cakuɗa musu gaskiyar da iyayensu suka bayar da ƙarya, suna ce musu lokacin da kuke yara kun yi sata ko kun daki wani har ƴan sanda suka shiga, a ƙarshe suka ce kashi 70 cikin 100 sun koma suna ba da labarin laifin da ba su taɓa yi ba. Amma dan adalci sai na gaya miki wasu masanan sun sake duba bayanan a 2018 suka ce in aka ware wanda ya yarda kawai da wanda yake jin ya tuna da gaske, adadin bai wuce kashi 26 zuwa 30 ba. Ko a hakan ma abin tsoro ne. Ki tuna yaran nan biyar na Central Park a New York, masu shekara 14 zuwa 16, da aka matsa musu suka amsa laifin fyaɗe a 1989, sai 2002 aka wanke su bayan ainihin mai laifin ya fito ya faɗa kuma gwajin ƙwayar halitta ya tabbatar. Irin wannan ilimin yana canza yadda kike jin labari gaba ɗaya, in aka ce ai ya amsa da bakinsa sai ki tambaya awa nawa aka tsare shi, waye a ɗakin.

Aibinsa kuma ba zan ɓoye miki ba, barkwancin. Akwai inda ake maganar ran mutum sai ki ji an yi dariya, ba wai da wanda aka kashe suke yi ba, amma ni dai yana sosa mini rai, na sha tsayar da shi in ɗan huta kafin in ci gaba. Kuma saboda kowane kashi da tambayarsa, ba ya nutsewa cikin rayuwar mutum ɗaya yadda Candice take yi, wani lokacin sai ki ji an taɓo bincike an wuce kafin ki ƙoshi.

Duka biyun akwai abin da nake so ki riƙe a gefe kina saurare. Terrie Moffitt ta fitar da wani bayani a 1993, tana dogaro da binciken Dunedin a New Zealand inda ake bibiyar yara 1,037 da aka haifa a 1972 zuwa 1973, ta nuna yawancin masu karya doka a ƙuruciya suke yi kuma suna dainawa in sun girma sun samu aiki da iyali, ƴan ƙalilan ne suke farawa tun suna ƙanana su ɗore har tsufa. Masu kisan jeren nan da suka cika fodkas ɗigo ne a cikin teku.

Shi yasa zan ƙara miki na uku duk da ba ki tambaya ba, kuma gaskiya shi na fi so ki ba lokaci. Laura Richards, tsohuwar mai nazarin halayyar masu laifi a New Scotland Yard, hedikwatar ƴan sandan London, tana cikin waɗanda suka faro Real Crime Profile a 2016 tare da Jim Clemente tsohon ɗan FBI da Lisa Zambetti, daga baya ta buɗe nata mai suna Crime Analyst. Ita hankalinta yana kan wadda aka kashe da alamun da kowa ya gani ya yi shiru. Tana cikin waɗanda suka yi fafutuka har Ingila da Wales suka mayar da mallake abokin zama ta hanyar tsoratarwa da takurawa laifi a 2015. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2023 an kashe mata da ƴan mata kusan 85,000 da gangan a duniya, 51,100 daga ciki miji ne ko saurayi ko ɗan gida ya kashe su, kashi 60 cikin 100 kenan. Farfesa Jane Monckton Smith ta bi kisa 372 irin wannan ta ga matakai 8 suna ta maimaituwa, mutum mai tarihin takura wa mata, soyayya mai gudu kamar wutar daji, sai raba ta da ƴan'uwa da ƙawaye da bin diddigin wayarta, sai ranar da ta ce za ta tafi, daga nan barazana ta ƙaru, ya yanke shawara, ya shirya, ya aikata. Ana cewa zuciya ce ta ɗebe shi, alhali sau da yawa abin ya daɗe yana tafasa kowa yana gani. Laura tana da zafi, in ta ɗauki matsaya ba ta sassautawa kuma wani lokacin takan maimaita magana ɗaya har ki gaji, amma abin da za ki koya a wajenta zai iya sa ki gane halin da wata ƙawarki take ciki tun da sauran lokaci.

Toh in ni ce ke, zan fara da Bad People in yi kashi biyar ko shida dan in samu ma'aunin da zan dinga auna sauran, sai in koma Crime Analyst, Killer Psyche kuma in bar shi sai ranar da nake son bin labarin mutum ɗaya tun daga tushe, kuma dan Allah kar ki saurare shi da daddare ke kaɗai. In kin gama Bad People ki dawo ki gaya mini ya kika ji da dariyar tasu, ina so in san ko ni kaɗai take damu.