Sabon batirin laftof: yana riƙe caji, amma takardarsa ta yi rowar bayani

Batirin kansa ba ni da ƙorafi a kansa. Ba na kamfanin da ya ƙera kwamfutar ba ne, irin wanda wasu ke yi ne don ya dace da ita, kuma ya zauna daram a gurbinsa. Kafin in saya sai da na gwada lambar da ke jikin tsohon da ta sabon, na ga ƙarfin wutarsu ɗaya, bolt 11.4. Sunan kwamfuta kaɗai ba ya isa, domin samfuri guda kan zo da batir iri biyu. Bayan na saka, na buga umarnin powercfg /batteryreport a Windows, wanda ke fitar da rahoton lafiyar batir, rahoton ya nuna cajin da yake ɗauka ya yi kusa da abin da aka rubuta a kwalinsa.

Inda raina ya sosu shi ne takardar da suka haɗo. Hotunan kwance noti ne kawai, ba kalma ko ɗaya a kan haɗari. Ba su ce a zare caja a kashe kwamfutar gaba ɗaya ba, balle su ce a bar tsohon batirin ya sauka ƙasa da kashi 25 cikin ɗari kafin a taɓa shi. Alhali batirin lithium da ke cike, idan aka huda shi, yana iya kamawa da wuta nan take, wutar kuma mai wuyar kashewa ce. Tsohon nawa ma ya riga ya kumbura har ya ɗaga wurin goga yatsa, wato touchpad. Kumburin nan iskar gas ce ta taru a ciki, ba a danna shi, ba a lanƙwasa shi, ba a tsire shi wai don ya sace.

Duk da haka, me suka saka a kwalin don ɓamɓare murfi? Wani ɗan ƙarfe mai kaifin baki! Gefe na ajiye shi, na yi aiki da na roba. Sukudirebansu dai ba laifi. Wanda zai yi aikin ya fara zare fulogin batirin daga fanel, wato babban allon lantarkin da ke cikin kwamfutar, ya kama kan fulogin, kada ya ja wayoyin. Ya kuma jera notikan yadda ya ciro su, don tsawonsu ba ɗaya ba ne, dogo idan ya shiga ramin gajere yana iya taɓa abin da ke ƙarƙashinsa.

Idan batirinka da noti aka ɗaure shi, wannan zai yi maka. Idan kuwa irin wanda aka manne da gam ne, kamar na wasu siraran kwamfutoci, gara ka kai wa mai gyara. Tsohon kuma ba na kwandon shara ba ne: na rufe bakin fulogin da salatif, na miƙa shi inda ake karɓar matattun batura.