Karatun ɗaukar hoton asibiti: jami'a, kwalejin lafiya ko ƙasar waje?

Idan sakamakon JAMB ya fito, yaran da makinsu bai kai na likitanci ba sukan yi rububin neman radiyogirafi, karatun ɗaukar hoton cikin jiki. Kafin a cire kuɗin fom, a fara sanin cewa ma'aikatan sashen hoto ba matsayinsu ɗaya ba. Wanda ke duba hoto ya rubuta abin da ya gani likita ne, ya yi shekara shida a makarantar likitanci sannan ya ƙara wasu shekarun yana neman ƙwarewa. Mai ɗaukar hoton, wanda ke kwantar da majiyyaci ya saita na'ura, shi ne ya yi digirin radiyogirafi. A ƙasa da shi akwai mataimaki da ya fito daga kwalejin fasahar kiwon lafiya.

Digirin shekara biyar ne, sai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, sai bautar ƙasa. A Arewa ana yin sa a Jami'ar Bayero da ke Kano, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, kowacce kuma tana jingine da asibitin koyarwa. A JAMB ana rubuta Ingilishi da Fizis da Kimistiri da Bayoloji. Yaron da Fizis ke ba shi tsoro ya sake tunani, domin karatun cike yake da shi, ga kuma ilimin sassan jiki da sai an san kowane ƙashi da sunansa da mazauninsa. Amfanin wannan doguwar hanya shi ne mai ita zai iya kama na'urar CT da MRI, manyan na'urorin da ke nuna cikin jiki daki-daki, da sikanin da hoton mama, kuma ƙofar ƙarin karatu a buɗe take gare shi.

Kwalejin lafiya ta fi sauƙin shiga da sauƙin kuɗi, kuma ana gamawa da wuri. Ga gidan da ke buƙatar yaro ya fara kawo wani abu, ba abin rainawa ba ce. Sai dai aikin yawanci bai wuce hoton ƙirji da na karaya ba, a ƙarƙashin mai digiri, ƙarin girma ma yana da iyaka. Wanda ya shiga da niyyar tsallakawa jami'a daga baya, ya tambayi jami'ar tun yanzu ko tana karɓar takardar.

Ƙasar waje kuwa, Indiya da Masar da Sudan na cikin ƙasashen da akan nufa, kodayake yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya katse wa ɗalibanmu da yawa karatu. Ko daga ina aka dawo da digiri, ba a taɓa majiyyaci sai da rajistar hukumar RRBN, wadda aka kafa a 1987 don kula da wannan sana'a. Ita ce kuma ke tantance makarantun gida, don haka a nemi sunan makaranta a jerin waɗanda ta amince da su kafin a biya ko sisi.

A ganina, abin da ya fi sunan makaranta muhimmanci shi ne inda ɗalibi zai sa hannu. A je asibitin da suke horo, a tambayi 'yan aji huɗu: na'urar tana aiki ko ta daɗe a lalace? Ku nawa ne a kanta? Ana ba ku ɗan bajon da ke auna yawan hasken da ya shiga jiki, da rigar dalma? Rabin aikin nan ba a littafi yake ba. Za a turo maka tsoho daga ƙauye, tari ya cinye shi, bai taɓa shiga irin ɗakin ba. Sai ka tsayar da shi ƙirjinsa a jikin allo, ka ɗora hannuwansa a ƙugu, ka ce, "Baba, a ja numfashi, a riƙe, kada a motsa." In bai fahimta ba hoton ya ɓaci, a sake haska shi a banza. Sai ka iya tambayar matar aure ko tana da juna biyu ba tare da ka kunyata ta ba, ka kuma tabbatar ba wanda ya shiga ɗakin MRI da ƙarfe, ko da makulli ne a aljihu, saboda maganaɗisun na'urar fizgo shi zai yi.

'Yan mata musamman su duba wannan fanni da kyau. Mata da yawa a wajenmu sukan jinkirta hoton mama ko sikanin ciki idan namiji ne a kan na'ura, wasu ma su koma gida ba a yi ba. Yarinyar da ke da makin shiga jami'a, shawarata ta nemi digirin kai tsaye.