Riba, tsada, yanayin zukata ko jadawalin farashi: wanne za a bi kafin a sayi hannun jari?

Alhaji, ka yi tambaya daga Garwa ta ƙasar Kamaru cewa kana so ka zuba wani kaso na ribar cinikin albasa a hannun jari, amma an gaya maka masana suna duba abubuwa huɗu: ribar kamfanoni, tsadar hannun jarin, yanayin zukatan masu saye da sayarwa, da jadawalin hawa da saukar farashi. Kana neman sanin wanne ne abin dogaro. A ganina ba tambaya ɗaya suke amsawa ba, don haka zan gwada su biyu-biyu.

Riba da tsada tafiyarsu ɗaya, kamar mai sayen saniya ne da zai fara tambayar yawan nonon da take bayarwa, sannan ya auna shi da kuɗin da aka yi mata. Idan hannun jari ɗaya sefa 40,000 ne, ribar da ya samo a shekara kuma 4,000, to ka biya ninki 10. Idan ribar 1,000 ce, ka biya ninki 40, ko da kuwa kamfanin nagari ne. Riba tana nuna lafiyar kamfani, amma labarin jiya take bayarwa, domin sai an rufe lissafi ake bayyana ta. Tsada kuwa tana nuna ko an ƙware ka a ciniki. Robert Shiller na Jami'ar Yale yana auna farashi da matsakaicin ribar shekara 10, kuma a ƙarshen 1999 ma'auninsa ya kai kusan 44 a kasuwar Amurka, fiye da ninki biyu na yadda aka saba. Daga Maris 2000 zuwa Oktoba 2002 kasuwar hannun jari ta Nasdaq a Amurka ta zube da kusan kashi 78 cikin 100. Sai dai wannan ma'auni ba ya faɗin rana, domin tun Disamba 1996 Alan Greenspan, shugaban babban bankin Amurka na lokacin, ya yi kashedin cewa ɗoki ya yi yawa, amma farashi ya ci gaba da hawa fiye da shekara uku.

Sauran biyun kuwa maganar lokaci suke yi. Yanayin zukata ka san shi daga kasuwar raguna: ana gobe Layya kowa na rububi, bayan Sallah kuma mai rago ne ke neman mai taya. Ma'aunin fargabar masu zuba jari a Amurka, wato VIX, ya haura 82 a ranar 16 ga Maris 2020, mako guda bayan haka S&P 500, ma'aunin farashin hannun jarin manyan kamfanonin Amurka, ya tsaya da faɗuwa bayan ya rasa kusan kashi 34, kuma kafin Agusta ya ƙare ya maido da abin da ya rasa. Wanda tsoro ya sa ya sayar a wannan mako shi ya kwana ciki. Jadawali shi kuma sawun farashi kawai yake bi, kuma wanda aka fi amfani da shi shi ne matsakaicin farashi na kwana 200: farashi ya faɗo ƙasa da shi, a rage hannu. Ya taimaki masu binsa a rikicin 2008, amma a shekarun da kasuwa ke kai-komo yakan sa mutum ya yi ta shiga da fita, dillali kaɗai ke ƙaruwa.

Abin da ya fi damuna shi ne kada ka ɗauko ma'aunin Amurka ka ɗora wa kasuwarmu. Kasuwar hannun jari ta yankinmu, BVMAC da ke Duwala, wadda aka haɗe da ta Libirabil a 2019, kamfanoninta ana ƙirga su da yatsu, irin su Socapalm da Safacam da SEMC, kuma sau da yawa kwanaki kan wuce ba a yi cinikin wani hannun jari ba. Inda ciniki ya yi ƙaranci haka, jadawali ba shi da abin da zai faɗa, kuma ranar da kake son sayarwa ba lallai ne ka sami mai saye ba. A nan rahoton riba da rabon da ake biya kowace shekara su ne abin dubawa, tare da farashin manja ga kamfanonin kwakwar manja irin su Socapalm da Safacam. Idan kasuwar waje ka nufa, ka tuna sefa a ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, ba da dala ba, don haka canji zai iya cin ribarka.

Shawarata ita ce riba da tsada su yanke yawan abin da za ka zuba, yanayin zukata kuma ya zama birki a lokacin rububi ko firgici. Kada ka taɓa jarin sarin albasar bana, ka saya kashi-kashi ta hannun dillalin da COSUMAF, hukumar da ke sa ido a kan kasuwar hannun jari ta yankinmu, ta ba lasisi, kuma ka tuntuɓi malami kafin ka shiga kamfanin da ribarsa daga kuɗin ruwa take.